Baba Sito da Sarewa Mai Ƙofa Biyar

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Sito yake isa gidan rediyo, kuma shekara talatin da huɗu ke nan masu gadi suna gyara agogonsu da shigowarsa. Yakan jingine kekensa a bayan tankin ruwa, ya bi doguwar baranda har ƙarshe, inda ɗakin ajiyar kayan kiɗa yake. Ba ya kunna fitila da ya buɗe ƙofa. Sai ya tsaya tukuna ya shaƙi iskar ɗakin, don a cewarsa hanci ke fara sanin ko danshi ya kwana a ciki. Daga nan ya buɗe taga ɗaya rabi, ya bi kantoci yana taɓa kaya da bayan hannu, ganguna da jitoci da sarewoyi. Wanda fatarsa ta saki ya ware shi gefe, wanda rana za ta iske ya matsar da shi. Sai ya gama wannan zagaye yake amsa gaisuwa da kyau. Kafin nan, ko manaja ne ya leƙo, "yauwa" kawai zai samu.

Ƙarshen watan nan zai miƙa makullai ya koma gida ya huta, kuma in aka biye masa haka zai sulale ba wanda ya sani. Mu abokan aikinsa ba za mu bari ba. Kowa ya san muryar mai karanta labarai, kowa ya san makaɗan da ke cika gidaje da daɗi, amma ba a taɓa ambaton wanda ya sa gangar ta yi zaƙi ranar da aka buga ta ba. Abin dariyar kuma, Baba Sito bai iya kaɗa komai ba. Ko tafi ya shiga sai nasa ya saɓa da na jama'a.

Makaɗa suna da labaransa da yawa. Wani mai ganga ya taɓa barin kayansa a but ɗin mota yini guda cikin rana, ya dawo da su yana sunkuyar da kai. Baba Sito bai ce masa uffan ba. Ya yi kwana huɗu yana lallaɓa fatar har ta dawo, da mutumin ya sake zuwa karɓa sai ya haɗa masa da buhu jiƙaƙƙe, ya ce, "Wannan na lulluɓi ne, ko da za a sake mantawa." Har yau mai gangar nan cewa yake da ma zaginsa aka yi.

Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata sarewa da ba ta gidan rediyo ba ce ma.

Akwai wani dattijo da ake ce wa Mai Sarewa. Shi yake sassaƙa su da hannunsa, shi yake busa su a shirye-shiryen gidan, kuma in an gama ɗaukar shiri ba ya tafiya sai ya zauna a bencin sito sun yi hira da Baba. Shekara uku da suka wuce ya faɗi a ɗakin aikinsa da safe, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan mako biyu ɗiyarsa ta shigo sito da wani abu naɗe a tawul.

"Baba, saƙo ne daga Babanmu," in ji ta. "Maganarsa ba ta fita sosai. Da na nuna masa ita sai ya yi ta nuna waje da hannun hagu, ina ta kiran sunayen mutane yana girgiza kai. Sai da na ambace ka ya sauke hannun."

Baba Sito ya warware tawul. Sarewa ce ta farin ice, tsuransa, ba fenti ba komai, har ƙurar samfefa tana jikinta. Ƙofa shida ake yi wa irinta. An huda biyar. Inda ta shida za ta zauna, can ƙasa, ɗigon fensir ne kawai.

"A hannunsa aka same ta," in ji ɗiyar. "Likita ya ce hannun zai iya dawowa in ya dage da gashin ƙashi. Shi kuma saboda ita kaɗai yake yarda a murza masa yatsu, wai sai ya gama ta da kansa. Gidanmu kwano ne, ga zafi, ga jikoki. Baba, in ta tsage ban san me zan ce masa ba."

"Je ki, 'yata," ya ce. "Ki ce masa tana nan."

Da ta fita ya zauna a benci, sarewar a cinyarsa. Ya san abin da aka ɗora masa. Icen da ba a rufe shi da fenti ba yana shan iska kamar yadda ƙasa ke shan ruwa. In aka kulle shi a aljihun tebur ya bushe ƙamas, ranar da aka fara busa shi cikinsa ya sha danshin numfashi ya kumbura, wajensa yana nan a bushe, sai a ji ƙas, ya dare. In kuma aka bar shi a danshi, funfuna ta ci shi. Sai an riƙa ba shi numfashi kaɗan-kaɗan, ana gogewa, ana ba shi mai. Ga kuma ɗigon nan. Mai Sarewa da kunne yake auna ƙofofinsa, ba ya rubuta awo a ko'ina. In ɗigon ya goge, babu mai sanin inda ƙofa ta shida za ta zauna. Tsoro ya kama Baba Sito, kuma bai ɓoye wa kansa ba.

Washegari ya ƙara wa zagayensa aiki ɗaya. Bayan ya gama da kantoci yakan ɗauko sarewar ya sa ta a hammata har ta ɗauki ɗumin jikinsa, don ice mai sanyi ba ya son numfashi mai zafi. Sannan ya busa ta minti uku, ba ƙari. Ya zura tsumma a jikin siririn tsinke ya goge cikinta, ya tsayar da ita a inuwa, bakinta sama, har ta sha iska. Sau ɗaya a wata, ranar da ya tabbata ta bushe sarai, yake ba ta mai. Ba ya yarda da man girki, ya ce in ya kwana biyu a ice wari yake yi. Wani farin mai marar ƙamshi yake sayowa a kemis, ya ɗiga a tsumma ya shafa, ya jira rabin sa'a ya share abin da icen ya ƙi sha. In ya iso kusa da ɗigon sai ya ajiye tsumma, ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya zagaye shi a hankali yana riƙe numfashinsa.

Busar nan tasa kuwa ta sha zolaya. Murya ɗaya ce, doguwa, marar kan gado. Ranar farko mai karanta labarai ya fito a guje yana tambaya ko akuya ce ta maƙale a waya. Direbobi suka sa masa suna Babban Baƙon Shiri. A gida ma bai tsira ba. Matarsa ta ga kwalbar mai a aljihunsa ta ce, "Malam, shekara nawa ƙafafuna suna kaushi a gabanka, ban taɓa ganin ka da auduga ba. Ashe sai an zama ice ake samun gata." Ya yi dariya, washegari ya sayo kwalba biyu.

Wasu sun ba shi shawara ya ƙara wa ɗigon fensir don ya fito sosai. Ya ƙi. Ya ce in hannunsa ya goce da faɗin ƙwayar shinkafa, muryar sarewa ta tafi, kuma ba shi ya sa alamar ba balle ya gyara ta. Duk Asabar ɗiyar Mai Sarewa takan kira shi ta sa wa mahaifinta waya a kunne, Baba Sito ya ce, "Malam, tana nan lafiya, tana gaishe ka." Daga can a ji wani gurnani mai kama da dariya.

A shekara ta biyu aka kawo sabon manaja, mutum mai son tsabta da ƙyalli. Za a yi manyan baƙi, sai ya ba da umarni a wanke duk wani abin ice da ke gidan, a fesa masa fentin ƙyallin nan da kafintoci ke yi wa kujeru. Ranar Baba Sito ya je ofis sa hannu a takarda, ya dawo ya tarar da Inna Mai Shara a sito da bokitin ruwan sabulu. Inna mace ce da ba ta iya ganin datti ta wuce. Sarewar tana hannunta, ta ga ɗigon, ta naɗa jiƙaƙƙen tsumma a ɗan yatsa.

"Inna, tsaya!"

Ita ta ba mu labarin da bakinta. Ta ce shekara ashirin suna aiki tare ba ta taɓa jin muryarsa ta wuce ƙofar sito ba, amma ranar har masu gadi sai da suka ji. Tsumman ya riga ya taɓa sau ɗaya. Rabin ɗigon ya dushe.

"Ɗan'uwa, kashin ƙuda ne fa," ta ce.

Ya karɓi sarewar, ya tsotse ruwan da gefen rigarsa, ya kai ta taga ya duba. Saura rabi, amma ana gani. Sai da ya sauke ajiyar zuciya sannan ya lura Inna tana share ƙwalla. Ya zaunar da ita a benci ya ba ta labarin tun daga farko, ya ba ta haƙuri a kan tsawar. Tun daga ranar, in Baba Sito ba ya nan, Inna ce ke tsare ƙofar sito, kuma ta fi shi zafi.

Daga nan ya wuce ofishin manaja da sarewar a hannu.

"Yallaɓai, kujeru da tebura a fesa musu. Kayan busa dai a yi haƙuri."

"Baba, ai gyara ne. Dubi wannan, kamar an tsinto ta a bola."

"Ba a gama ta ba ne, Yallaɓai. In fenti ya hau ta yanzu zai toshe icen da danshi a ciki, ya cika bakin ƙofofin, ya rufe wannan alamar. Mai ita yana kwance yana jiran hannunsa. In dole sai ta yi ƙyalli, a ba ni izini in tafi da ita gida har baƙi su wuce."

Manaja ya dubi ɗigon, ya dubi dattijon da ke tsaye gabansa riga jiƙe. A yi masa adalci, mutum ne mai jin magana. Ya ɗaga waya ya ce wa mai fenti ya tsaya a kan kujeru.

Kai ne, Baba, ka ɗauki ajiyar da babu ita a takardar aikinka, ka riƙe ta kwana dubu da ɗoriya. Kai ne ka shigo ranakun hutu a kan keke don minti uku na busa, ka goge, ka kulle, ka koma. Mai sanyin hannu, mai riƙon amana. Ba wanda ya sa ka, kuma da ta tsage ba wanda zai tuhume ka, kowa zai ce ice ne. Kai dai ka san cewa a wani ɗaki akwai mutumin da ake lanƙwasa wa yatsu yana cije baki saboda ita.

Wata biyu da suka wuce ɗiyar ta sake zuwa, wannan karon ba ta ko zauna ba.

"Baba, ya daina zuwa asibiti. Ya ce shekara uku ta isa, hannun ya mutu. Ya ce in gaya maka a ba kafinta ya huda ta da inji, ko a hura wuta da ita, duk ɗaya ne a wajensa."

Baba Sito ya dubi sarewar. Ga ranar ajiye aiki tana matsowa, ga mai ajiya ya ce ba ya so. Ya kwana biyu yana juya maganar. Ranar Asabar da hantsi ya naɗe sarewar a tawul ɗin da ta zo a ciki, ya ɗaura a bayan keke.

Ya sami Mai Sarewa a kujera kusa da taga, ya rame, hannun dama a kwance a cinya. Teburin aikinsa yana lungu an lulluɓe shi da tsohon zani. Maganarsa ta dawo, sai dai a hankali take fita, kalma tana jan kalma.

"Me ka kawo mini ita? Na ce a ba kafinta."

"Malam, ni ajiya aka ba ni, kuma mai ita nake mayar wa. In kafinta kake so, ka tashi ka kai masa."

Ya ɗora masa ita a cinya. Mai Sarewa ya kau da kai. Amma hannun hagu bai yi shawara da shi ba, ya riga ya kama ta. Babban yatsa ya bi jikinta daga sama har ƙasa yana neman tsaga, bai samu ba. Icen da ya bari fari ya koma ruwan zuma, ya yi santsi. Ya kai ta hanci ya shinshina, ya leƙa cikinta ta wajen haske.

"Wa yake busa ta?"

"Ni."

"Allah sarki," in ji Mai Sarewa. "Ta sha wuya."

Ɗiyar da ke tsaye a bakin ƙofa ta tuntsire da dariya, ta ce rabon da ta ji ya yi wa wani tsiya tun kafin ya kwanta.

"To busa in ji," ya ce. Leɓensa ba ya iya kama bakin sarewa yanzu. Baba Sito ya durƙusa gefen kujera ya sa baki, Mai Sarewa ya ɗora yatsun hagu a ƙofofi uku na sama, ya ce wa ɗiyarsa ta toshe biyun ƙasa ta riƙa ɗagawa in ya gyaɗa kai. Haka mutum uku suka taru a kan sarewa ɗaya. Ya rufe ido yana saurare, ya sa aka maimaita har sau biyar. Sannan ya buɗe ido ya ƙura wa ɗigon.

"Alamar nan ba daidai take ba."

Baba Sito ya ɗago. "Malam, ban taɓa ta ba. Ruwa ne ya ci rabi, amma wurinta ke nan."

"Na sani. Ni na yi kuskure. Lokacin da na sa ta kaina ya riga ya fara juyawa. Ta hau sama. Ƙofar a ƙasanta take, kamar faɗin shinkafa biyu."

Baba Sito ya yi zaman dirshan a ƙasa. Ya tuna tsinken ashana, ya tuna tsawar da ya yi wa Inna, sai dariya ta ƙwace masa har da riƙe ciki. "Shekara uku ina gadin kuskure!"

"Da ba ka yi gadinsa ba, da daga ina zan auna?" in ji Mai Sarewa. "Yaye zanin nan. Akwai ƙarfen huda mai ƙotar ice a akwatin hagu."

Dariyar Baba Sito ta ɗauke. "Malam, ni ban taɓa huda kayan mutane ba. Gogewa na iya."

"Kai za ka murza. Ni zan danna."

Suka kafa sarewar a kan tebur, ɗiyar ta riƙe ta da hannu biyu. Mai Sarewa ya saita bakin ƙarfen da hannun hagu, sannan ya kamo hannunsa na dama ya ɗaga shi ya aza a kan na Baba Sito. Da farko nauyi ne kawai, sanyi ƙalau. Baba Sito ya fara murzawa a hankali, garin ice yana fitowa. Can sai ya ji wani abu a bayan hannunsa. Yatsu biyu ne suka lanƙwashe suka kama shi, suna dannawa in ya yi sanyi, suna sassautawa in ya yi gaggawa. Ya ci gaba da murzawa yadda yake yi, don kada ya kore su. Ya ɗaga ido ya ga ɗiyar ta gani, hawaye yana zuba a kan hannuwanta, ba ta da hannun sharewa.

Sun kai azahar a kan ƙofa ɗaya, ana murzawa, ana busawa, ana ƙara faɗi da samfefa. Da murya ta shida ta fito ta zauna daidai a kan 'yan'uwanta, Mai Sarewa ya jingina da kujera yana haki, gumi ya jiƙa masa wuya. Rabin ɗigon fensir yana nan a saman sabuwar ƙofa. Ɗiyar ta roƙa kada a goge, aka bar shi.

"Kada a busa ta kwana uku," in ji Baba Sito. "Sabon huji ne, sai ya sha mai."

"Ji shi, yana koya mini," in ji Mai Sarewa. Ya juya wajen ɗiyarsa. "Akwai wani ice a ƙarƙashin teburin nan. Litinin ki kai ni asibiti."

Baba, mun gode. Mun gode a madadin makaɗan da ka rufa wa asiri, da masu saurare da ba su san da kai ba, da gidan da ka mayar wa dariya. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa a riƙe ka yadda ka riƙe kayan mutane. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, kowa ya duba abin da aka bar masa a hannu. Wani fayil ne, wani majinyaci, wani ɗakin karatu, wani injin da mai shi ya yi tafiya. Yawancinsu ba a gama su ba, kuma ba mu za mu gama su ba. A riƙe su da kyau har mai su ya dawo.

Ɗiyar Mai Sarewa ta kira jiya muna cikin rubutun nan. Ta ce a gaya maka, Baba, da safe mahaifinta ya sa maɓallan rigarsa da hannun dama. Ya ɗauki minti ashirin, kuma bai yarda kowa ya taya shi ba.